Laimar da Merle Ta Ƙi Rufewa

A garinmu Moonta, in ka ce "matar laima" ba wanda zai tambaye ka wacce. Merle Trewartha ce. Ni kuwa na san ta tun ba ta da laimar, tun muna 'yan mata a ajin koyon ɗinki, tana yi mini dariya wai yatsuna sun fi dacewa da kwaɓa siminti. Ta zama tela, duk labulen da ke garin nan da rigunan amare ita ta ɗinka rabinsu. Ni kuma da waɗannan yatsun da ta raina na yi ta buga fiyano a ƙungiyarmu ta kiɗan jaz har gashina ya yi fari, ita tana taka rawa a kan kiɗan, amma ko sau ɗaya ba ta janye maganarta ba. Merle ba ta iya janye magana ba, kuma ba ta taɓa ƙoƙarin koya ba.

Ƙungiyar tamu ba wata babba ba ce. Lahadin farko na kowane wata, bayan an taso daga coci an ci abincin rana, sai mu hallara a tsohon ɗakin taron masu haƙar tagulla. Kowace mace ta zo da farantin abin taɓawa, a ɗora tukunyar shayi, mu makaɗa mu hau dandamali. Len Rodda ke jan gaba da ƙahonsa. Ina gefen hagu da fiyano. A bayanmu kuma Clarrie, mijin Merle, direban motar alkama, ƙaton mutum mai dariya kamar ana gangaro da duro, yana zaune cikin gangunansa.

Kiɗan ƙarshe shi ne kiɗan laima. Da Len ya ɗaga ƙaho ya busa farkonsa, sai mata su zaro laimominsu daga ƙarƙashin kujeru, kowace ta sha ado da geza da ƙyalƙyali, su jeru a bayan Merle su zagaye ɗakin suna juya su sama. Ƙa'idarmu ɗaya ce tun kafa ƙungiyar: makaɗa ba sa tsayawa sai wadda ke gaba ta rufe laimarta. Idan Merle ta iso bakin ƙofa ta sauke hannu ta rufe, Len ya ja baiti na ƙarshe, mu dire tare. Sai Clarrie, don shi ba ya yarda wani ya zama na ƙarshe a magana, ya bari duk an yi shiru, sannan ya ƙwanƙwasa wani ɗan guntun katako da ke ɗaure a gefen gangarsa. Tak. Jama'a ba sa tafi sai sun ji wannan tak ɗin.

Laimar Merle baƙa ce, ta mahaifinta, irin ta zuwa jana'iza. Ta ɗinka mata jar geza da ta rage daga labulen wani otal, ta soka mata gashin aku ruwan hoda a ƙoli. Mahaifiyarta har ta mutu ba ta taka ɗakin taron nan ba. Cewa take duk wanda ya buɗe laima a ƙarƙashin rufi, mutuwa yake yi wa inuwa ta zo ta zauna. Dukkanmu an faɗa mana haka muna yara. Merle kan ce, "To ta zo mana, Mama, amma ta zo da farantinta, ba ma ciyar da 'yan cin banza."

Ranar da abin ya faru, watan Fabrairu ne, tsakiyar lokacin zafi a wurinmu, iskar arewa tana hurowa kamar daga bakin murhu, fankar ɗakin ɗaya ta mutu. A lokacin hutun shayi Clarrie ya ɗauki fastin da Merle ta gasa, wato irin burodin nan namu mai nama da dankali a ciki, ya ƙwanƙwasa shi a kan tebur a gaban kowa.

"Jama'a ku ji! Da kakana ya samu irin wannan a ramin tagulla, ai da bai sayi guduma ba."

Aka kwashe da dariya. Merle ta goge hannunta a hankali, ta ce, "Ci gaba, tsoho. Akwai kiɗan laima a gaba. Za ka yaba wa aya zaƙinta."

"Ke ɗin? Ƙafarki za ta gaji kafin hannuna."

Irin wasansu ke nan tun suna saurayi da budurwa, mu kuma mun saba ba ma shiga. Da aka fara kiɗan laima ta zagayo ta iso bakin ƙofa, ta kai hannu kan maɓallin, Len har ya cika ƙirji zai ja baitin ƙarshe. Sai ta waiwayo ta dubi Clarrie, ta yi masa gwalo, ta ƙara gaba. Ɗaki ya ɗauki sowa. Ta sake zagayowa, ta sake yi masa haka. Clarrie gumi har cikin idonsa, rigarsa ta manne, yana dariya yana ihu, "Ba ki isa ba, tsohuwa!" Ni kaina ina dariya, ba zan ɓoye ba, don rabon da mu yi kiɗa mai daɗin na ranar an daɗe.

Hannuna na hagu ne ya fara sani. Mai fiyano a kan babbar ganga yake jingina, to sai na jingina na ji babu komai a wurin, kamar mai sauka daga bene ya taka inda ba matakala. Na juya. Clarrie ya kifa gaba, kumatunsa a kan fatar ganga, sanda ɗaya na hannunsa. Merle tana can ƙarshen ɗaki ta ba mu baya, tana juya laima, mata na bin ta. Ta yi taku mai yawa cikin shirun kafin ta gane kiɗa ya tsaya.

Likita ya ce zuciyar ta daɗe da lalacewa, ko ɗaure igiyar takalmi yake yi za ta iya tsayawa. Ya faɗa mata a gabana, ya maimaita. Merle ta gyaɗa kai kawai. Laimar na hannunta a buɗe a farfajiyar asibitin, haka ta bi motar gawa da ita, haka ta shiga coci da ita ranar jana'iza ta zauna a layin gaba. Fasto ya dube ta, ya dubi laimar, ya buɗe littafinsa.

Mun ɗauka ba za ta ƙara zuwa ba. Wata na zagayowa sai ga ta da farantin fasti a hannu ɗaya, laima a ɗayan, ta karkata ta ta shigo da ita ta ƙofa. Mun samo sabon makaɗi, Stavros Kalligas, masunci daga garin Wallaroo, mutum mai shiru-shiru da muke kira Stav. Aka zo kiɗan laima, Merle ta ja layi kamar kullum. Da ta iso bakin ƙofa sai ta karkata laimar ta fice. Muna hango ta ta taga tana tafiya tsakiyar titi wajen teku, gashin akun yana rawa. Matan da ke bin ta suka tsaya cirko-cirko. Mu kuma muka yi ta maimaita baiti muna kallon juna, har Len ya sauke ƙaho, kiɗan ya sace kamar tayar da ƙusa ta huda. Ba wanda ya tafa.

Haka ta yi a wata na gaba, da na bayansa. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na je gidanta raina a ɓace. Laimar na rataye a buɗe a soron shiga, sai ka sunkuya ka wuce. Ta sayar da motar Clarrie saboda laimar ba ta shiga. Ko'ina da ƙafa take zuwa.

Na ce, "Ke Merle, wai haukan nan na mene ne? Kin mai da mu abin dariya. Kiɗa ba kai ba gindi."

Ta zuba mini shayi.

"Maganar mahaifiyarki ce ke cin ki? Camfin tsofaffi? Likita ya gaya miki..."

"Thelma, bakinki ya fi yatsunki gudu. Yi shiru ki ji."

Na yi shiru. Firji na gurnani, agogon bango na tafiya. Na ce ban ji komai ba.

Ta ce, "Ni ina ji. Yana can yana bugawa, daidai inda ya tsaya. Da safe in ina shara, da rana in ina kan keken ɗinki. Ban rufe ba, don haka bai gama ba. Ke kin san ƙa'ida." Ta juya cokali a kofinta. "Ranar da na rufe, ranar zai mutu. Kina so in kashe shi sau biyu?"

Na sha shayin na sunkuya ta ƙarƙashin laimar na fita, kuma na lura ina takatsantsan kada kaina ya taɓa gezar.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai muka ƙyale ta. Shekaru suka yi ta wucewa a haka. Yaran gari suka taso suka ganta da laima ko ana ruwa ko ba a yi, har ba sa waiwaye. Baƙin ya koɗe ya zama ruwan toka, gezar ta zube ta sake ɗinka wata. Kiɗan laima kuwa muka saba barinsa ya mutu da kansa, jama'a su tashi su fara tattara faranti ba tare da sun dubi dandamali ba.

Akwai abin da ban gaya wa Merle ba a lokacin, don kada in ƙara mata. Clarrie yana da wata ɗabi'a, ƙafarsa kan ɗan makara a kan babbar ganga, kaɗan ƙwarai, sai wanda ya yi shekaru yana kiɗa da shi zai gane. Stav kuwa daidai yake bugawa kamar agogo. To a kiɗan laima, ba kullum ba, nakan ji wani bugu na biyu a bayan na Stav, ya ɗan makara. Na ce wa kaina katakon dandamalin ne ya tsufa yana amsawa. Ina nan a kan haka har ranar da muke naɗe kaya, Stav ya matso kusa da ni yana sosa ƙeya.

"Thelma, in tambaye ki mana. Wa ke buga ƙafa a bayana in ana kiɗan laima? Na juya ba na ganin kowa sai bango."

Na ce masa ya je a wanke masa kunne, ruwan teku ya cika shi. Stav bai taɓa jin kiɗan Clarrie ba ko sau ɗaya. Daga ranar ban ƙara yarda in zama ta ƙarshen fita daga ɗakin nan ba, kuma tsoro ne, ba wani abu ba.

Tsufa ya yi ta ɗibar mu ɗaya-ɗaya. Layin laima da a da yake kaiwa daga dandamali zuwa ƙofa ya koma 'yan tsofaffi da ba su cika hannu ba, ɗaya ma da sandar dogarawa. Sannan aka ce rufin ɗakin ya ruɓe, za a rufe shi. Muka zauna muka dubi juna, ba mai ƙarfin neman wani wuri. Aka tsayar da Lahadin ƙarshe.

Len a lokacin ya zama abin tausayi. Ƙurar rumbunan alkama da ya yi aiki a cikinsu ta cinye masa huhu, in ya hau matakalar dandamali sai ya tsaya ya huta. Likita ya hana shi busa, shi kuma ya yi kunnen uwar shegu. Tare suka tashi da Clarrie tun suna satar 'ya'yan itace a gonar fasto. A hutun shayi na wannan Lahadin ya ja kujera ya zauna gaban Merle, ina tsaye kusa ina jin su.

"Merle, yau za ki rufe."

"Sha shayinka, Len."

"Na gaji da barin kiɗan nan ba wutsiya. Ba zan tafi kabari da shi a maƙogwaro ba." Ya tsaya ya ja numfashi, ƙirjinsa na ƙara. "Kin ce yana bugawa. Na yarda. To ke wace irin mata ce? Mutum yana kiɗa shekara da shekaru ba hutu, ba ko kofin shayi. Ko jaki ne ai an sauke masa kaya."

Fuskar Merle ta yi fari fat. Ta ce, "Kada ka ƙara."

"Ba zan ƙara ba. Amma ki sani, yau ko kin fita ba zan sauke ƙahon nan ba. Ki je har teku in kin so. Sai kin rufe, ko kuma a ɗauke ni yadda aka ɗauke shi."

Na ce, "Len, kai ma ka haukace ne? Da wane huhun?"

Ya ce, "Ke dai ki riƙe hannunki na hagu."

Ɗakin ya cika ranar fiye da yadda ya yi shekaru bai cika ba, har da waɗanda suka ƙaura birnin Adelaide sun dawo. Len ya busa farkon kiɗan laima, 'yan tsofaffin suka jeru, wasu matan da ba su da laima suka ɗaga adiko suka bi. Merle ta zagaya ɗakin ba ta dubi dandamali ba. Ta iso ƙofa. Ta karkata laimar ta fice.

Len bai sauke ba. Ya shiga wani baitin, muka bi shi. Ya sake shiga wani. Jama'a suka daina tafa hannu, suka zuba masa ido. Jijiyoyin wuyansa sun miƙe, fuskarsa ta tashi daga ja ta koma wani launi da ban so ba. Sautin ƙahon ya fara tsagewa, ya kai rabin layi ya yanke, ya ja iska da ƙyar ya ci gaba.

Na ce masa ta gefen baki, "Len, sauke! Ta tafi. Sauke, don Allah!"

Ko kallona bai yi ba. Za a ce me ya hana ni ɗauke hannuna daga fiyano. Na yi tunanin haka. Amma in na tsaya shi kaɗai zai ɗauki kiɗan, ya fi saurin faɗuwa. Sai na yi ta bugawa ina zaginsa a zuci, ina zagin Merle, ina zagin Clarrie da fastinsa. Kuma bugun nan na biyu yana nan a bayan na Stav, ranar ban ma yi wa kaina ƙaryar katako ba. Stav ya sunkuyar da kai, ya ƙi waiwayawa.

Len ya dafa fiyanona da hannu ɗaya. Ƙofar ɗakin a buɗe, babu komai cikinta sai hasken rana. Can sai inuwa ta faɗo a bakin ƙofar, mai geza.

Merle ta shigo tana haki, takalmi ɗaya a ƙafarta. Daga baya ta ce mini ta kai har kwanar gidan burodi, iska ta kawo mata sautin ƙahon yana tsagewa, ta ji irin shirun da ke tafe a bayansa, don ta taɓa jin sa. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta dubi Len. Ta ɗaga kai ta dubi cikin laimar, bakinta na motsi, ban ji me ta ce ba. Sannan ta kai babban yatsa kan maɓallin ta danna.

Bai motsa ba. Shekarun nan duka a buɗe, cikin iskar teku mai gishiri, tsatsa ta cinye ƙarfen ta haɗe shi wuri guda. Ta danna da hannu biyu. Ta ja, ta girgiza. Wani ya taso zai taimaka, ta daka masa tsawa, "Kada wanda ya taɓa!" Len ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ƙahon na bakinsa, abin da ke fita bai fi kukan ɗan akuya ba.

Sai Merle ta kifa laimar a ƙasa, ta sa ƙafarta marar takalmi a kan ƙarafunan, ta taka. Ɗaya ya karye, na biyu ya karye ya yanke ta, ta ci gaba. Ta tattaro ƙyallen da hannuwanta ta matse shi a jikin sandar, ta ɗaga sama yadda Len zai gani, jini na bin tafin ƙafarta.

"Ga shi nan, ɗan banza! Na rufe! Dire!"

Ban san inda Len ya samo iskar ba. Ya ja baitin ƙarshe, gajere, a karkace, muka dire tare, Stav ya daki faifan tagulla ya ɗaga sandunansa biyu sama. Len ya zauna daɓas a kan dandamali yana tari, da ransa. Ɗaki ya yi tsit. Ba wanda ya tafa. Tsofaffin cikinmu ba mu san muna jira ba sai da muka ji kanmu muna jira.

Tak.

Sandunan Stav na sama, na gan su da idona. Guntun katakon nan kuwa tare da Clarrie aka binne shi, Merle ce ta sa masa a aljihu. Wasu sun ce tukunyar shayi ce ke hucewa. Wataƙila. Na yi shekaru ina zaune kusa da tukunyar nan ban taɓa jin ta yi haka ba.

Merle ta saki numfashi, ta goge hanci da bayan hannu.

Ta ce, "Kun gani ko? Kullum sai ya zama shi ne na ƙarshe a magana."

Ni na raka ta gida, tana ɗingishi, ƙafar ɗaure da adikon shayi, karyayyar laimar a hammatarta. A soron shiga ta sunkuya kamar yadda ta saba, ko da yake babu abin da za ta sunkuya wa. Na ɗora ruwan zafi. Muka zauna a teburin nan dai, firji na gurnani, agogo na tafiya. Ta karkata kai ta daɗe tana saurare.

Ta ce, "Thelma, ashe haka gidan nan yake da shiru?"

Na ce haka yake.

"To kada ki tafi tukuna. Yi ta surutunki."